Abin da na gani a kwarin dutsen siminti lokacin IT ɗina

Da aka ce kowa ya je ya nemo wajen IT, wato koyon aiki a aikace da makaranta ke tura ɗalibai, yawancin 'yan ajinmu ma'aikatu suka nufa, inda zaka sa hannu da safe ka zauna kana danna waya har azahar ka kama gabanka, ni kuma na ce tunda harkar ma'adinai nake karanta gara in je inda ake tonon da gaske. Yayan wani abokina ne ya shigar min da takarda a wani kwari, wato wajen fasa dutse, da ke ba kamfanin siminti dutse, nan arewa ne, sunan wajen dai bari in bar shi a cikina tunda akwai maganganun da ba kowa zai ji daɗinsu ba.

Ba a barinka ka leƙa ramin sai ka bi ta ofishin sefti. An duba mana ƙirji, an gwada kunne, sannan aka jera mu aka yi mana lacca har muka fara hamma, aka raba hular kwano da but mai ƙarfe a baki da riga mai ƙyalli da takunkumi da abin toshe kunne. Abin da madam ɗin sefti ta fi nanatawa shi ne babbar mota ita ke da hanya, kar ka kuskura ka tsaya bayan dampa, wato ƙatuwar motar kwasar dutse, in baka ga fuskar direba a madubi ba to shi ma bai ganka ba. Ranar da na tsaya kusa da ɗaya na ga tayarta ta ɗara ni tsawo ai ba sai an sake min bayani ba.

Ramin kansa hawa-hawa aka yanka shi, kowane hawa zai kai mita goma ko fiye, hanya ta zagaya tana gangarawa har ƙasa, in ka tsaya daga sama katafila ma 'yar mitsitsiya zaka hango ta. A jikin bangon zaka ga ƙasar ta jeru launi-launi, baƙar ƙasar noma a sama wadda bata fi tsawon hannu ba, sai jar ƙasa da marmara, sai wani laka mai ruwan toka, sannan dutsen da ake nema, dutsen farar ƙasa, fari-fari mai ɗan rawaya. Duk wannan na saman sai an kwashe shi kafin a kai ga dutsen kuma ba ƙaramin kaya bane, wani wajen abin da ake zubarwa ya kusa kai wanda ake ɗauka yawa. Ku riƙe maganar baƙar ƙasar nan zan dawo kanta.

Da farko da jiyolojis ɗin wajen, wato masanin duwatsu, aka haɗa ni. Yana yawo da 'yar kwalbar asid a aljihun gaba, in ya ɗaga dutse sai ya ɗiga masa, in ya yi kumfa yana cuuu to shi ne, in ya yi shiru ya jefar. Shi ya fara nuna min ƙwanson dodon koɗi da ya koma dutse, a nannaɗe da layi-layinsa tsaf, wasu ƙanana wasu sai ka sa hannu biyu, suna nan birjik a cikin tarin da aka fasa, motoci na bi ta kansu ba mai ko kallo. A aji an gaya mana teku ta taɓa ratsa Sahara ta haɗe da tekun kudu amma karantawa daban, ka riƙe abin teku a hannunka a garin da ake sayen ruwa a jarka daban. Dutsen Ashaka a jihar Gombe ya haura shekara miliyan 90, na Kalambaina a Sakkwato bai kai shi tsufa ba, wajen miliyan 55 zuwa 60 ne, kuma wannan shimfiɗar ta Sakkwato ita ce ta tsallaka boda har Malbaza a jihar Tawa inda Nijar ke yin nata simintin. Na Obajana a Kogi kuwa zafi da nauyin ƙasa sun riga sun dafa shi ya canza kama, can baza ka samu ƙwanso ba. Na kai wa matar da nake haya a gidanta guda ɗaya, Iya muke ce mata, ta jujjuya shi ta ce ai wannan sun daɗe suna tsinta a gona, ragowar ruwan ɗufana ne, ta ɗora a kan taga ta ci gaba da tankaɗenta.

Ba kowane farin dutse kamfani ke so ba. Duk ramin da aka huda sai an ɗebi garinsa a leda an rubuta lamba an kai lab, a duba yawan kalsiyam a duba magnesiyam, don in magnesiyam ya yi yawa simintin yakan kumbura daga baya ya tsaga gini. Shi ya sa zaka ga katafila biyu suna lodi a wuri biyu, ana cakuɗa mai kyau sosai da mai rauni don kar a cinye mai kyau a bar tarkace. Aikina a lokacin ɗaukar ledojin nan ne, in dawo fari fat har gashin ido.

Daga nan aka tura ni wajen masu huda. Safiyo zai zo ya auna ya sa alama da jan fenti layi-layi, tsakanin rami da rami mita kaza, tsakanin layin farko da bakin gaɓa mita kaza, injin huda ya bi yana yi ɗaya bayan ɗaya, faɗin ramin bai fi ka zura hannu ba amma zurfinsa ya ɗan wuce tsayin hawan. Ƙarar injin nan ko da abin toshe kunne sai ka kwana kana jinta. In an gama huda sai a bi da tef mai dalma a baki a auna kowanne, a rubuta wanda ya rufta da wanda ruwa ya shiga, don mai ruwa kayansa daban.

To ranar fashi ita ce ranar da kowa ke shiga taitayinsa. Nakiya bata kwana a fili, tana can ma'ajiyarta nesa da komai da katanga da masu gadi, kuma ba a fito da ita sai da 'yan sanda masu kula da bama-bamai a tsaye, a ƙirga abin da ya fita a rubuta, a ƙirga wanda aka sa a rami, ragowar a mayar a sa hannu. Ko kan ashana ɗaya na tayarwa ya ɓata ba mai tafiya gida. Wannan tsaurin ba banza ba, a ƙarshen 2014 'yan Boko Haram sun shiga kamfanin siminti na Ashaka a watan Nuwamba suka sake komawa a Disamba, kuma nakiya na cikin abin da suka kwasa, tun daga lokacin duk wanda ke harkar a arewa ya san ido na kansa. Wayoyinmu ma a get ɗin filin ake karɓewa, mai shan sigari ya ajiye ashanarsa.

Mai kula da fashin wani dattijo ne, Baba kowa ke ce masa har manajan, mahaifinsa ɗan kuza ne a Jos can ya tashi cikin harkar. Baya ɗaga murya baya sauri. Yawancin abin da ake durawa ba irin nakiyar da mutane ke zato bace, wasu ƙwayoyi ne farare irin na takin zamani, amoniyam naitiret, a jiƙa da man gas, kashi 94 da kashi 6, shi kaɗai ko ka buga shi baya tashi sai an saukar da ɗan ƙaramin mai ƙarfi a gindin ramin da wayarsa. Ruwa ne maƙiyinsa, in ya jiƙe ya lalace, shi ya sa ramin da ke da ruwa ake sa masa wata mai kama da man shafawa a cikin leda doguwa. In an dura zuwa inda aka ƙayyade sai a cike sauran da tsakuwa a danne. Nan ne Baba ya fi tsayawa a kan mutane, yaran na so su yi sama-sama su huta shi kuma yana bi da sanda yana zungura.

Na ce Baba wai me ya sa ka fi damuwa da tsakuwar nan fiye da nakiyar? Ya ce ɗan makaranta, nakiya ƙofa take nema, in ka bar mata ta sama ta nan zata fita ta kwashi dutse ta kai wa mutane gida, in ka toshe dole ta yi ta gefe ta yi mana aikin da muka sa ta. Ya ce duk dutsen da ka ji ya fasa kwanon wani to a nan aka yi ha'inci ko kuma safiyo ya matso da layin farko bakin gaɓa.

Sannan a haɗa wayoyin, wasu siraran robobi masu launi, kowane mahaɗi da ɗan jinkirinsa, 17 ko 25 ko 42 cikin dubu na daƙiƙa, yadda ramukan baza su tashi lokaci ɗaya ba, na gaba ya tashi ya buɗe wa na baya hanya. Kunne zai ji kamar ƙara ɗaya ce amma a gaskiya a jere suke, kuma wannan jinkirin shi ke rage girgizar da ke isa gari, don ƙasa abin da ya tashi a lokaci guda take ji ba jimillar ba.

Korar mutane ita ta fi cin lokaci wallahi. Ana sanar da mai unguwa tun jiya, ba a yi ranar Juma'a ba a yi ranar kasuwa, a aika mutum da jar tuta da oba-oba kowace hanya, wani ya zagaya a babur yana duba masu itace da yara masu kiwo. Akwai ranar da muka shafe kusan awa a rana saboda wani bafulatani ya ce shanunsa basu gama shan ruwa ba kuma shi ba inda zashi, sai da aka nemo mai jin Fulatanci aka lallaɓa shi. In kowa ya amsa ta oba-oba cewa wajensa ba kowa sai jiniya ta yi kuka, a jira, ta sake, ta uku ce ta ƙarshe. Muna can nesa bayan wata tsohuwar dampa. Abin da ya bani mamaki ido ke riga kunne, zaka ga gaɓar ta ɗaga ta yi toroƙo kamar an kaɗa tabarma daga wannan gefe zuwa wancan, shiru, sannan ka ji ƙasa ta buga maka a tafin ƙafa, sannan ƙarar ta iso ta daki ƙirji. Duka-duka bai kai daƙiƙa biyu ba, aikin da aka yi sati ana shiryawa. Ƙura ta tashi ta bi iska, in ka ga hayaƙin ya yi ja-ja ruwan lemo to wani rami ya jiƙe ko haɗin man bai yi daidai ba kuma wannan hayaƙin guba ne, ba a matsawa sai ya washe. Baba kaɗai ke fara shiga ya duba ko akwai wanda ya ƙi tashi, in akwai a ƙara jira a killace wajen, sai ya ce an gama sannan a busa jiniyar sallama.

Sauran aikin kuma lodi ne ba dare ba rana. Manyan da suka ƙi fashewa a sa katafila mai guduma ta farfasa, dampa ta kwasa ta kai injin niƙa, ya mayar da su ƙanana, bel ya ja zuwa kamfani. Can ciki sau ɗaya aka zaga da mu, a haɗa dutsen da laka da jar ƙasa a niƙe ya zama gari, a tura cikin wani dogon bututu mai juyawa da wuta ke ci a ciki har wajen digiri 1,450, ya fito dunƙule-dunƙule wato kilinka, a niƙa da ɗan jifsam irin wanda ake haƙowa a Fika da Nafada don kar simintin ya daskare tun a kan shebur. Abin da ban taɓa kawowa a rai ba sai da injiniyan ya yi lissafin a allo, tun wajen digiri 900 dutsen ke sakin iskar kabon da ke jikinsa, a duk kilo 100 na tsantsar dutsen kilo 44 iska ce ke tafiya sama, ban da na gawayi ko gas ɗin da aka ƙona. Wato kusan rabin abin da direbobin nan ke haurowa da shi daga rami ta bututun hayaƙi yake fita. Shi ya sa ake cewa siminti kaɗai na da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Da a kwatas ɗin ma'aikata na zauna da nan labarin zai tsaya, sai dai 'yan IT ba a basu ɗaki, a ƙauyen da ke gefen kwarin na kama haya, to da rana ina cikin wayar shingen kwarin da dare ina wajenta, kunnena ya sha magana ta ɓangare biyu.

Baƙo in ya zo fashin yake tsoro, mutanen gari kuwa sun saba, jiniya na yi mata su ɗauke kwanuka daga kan kanta su fito tsakar gida da yara shi ke nan. Ƙura ce ke cinsu kullum. Kuma yawancinta ba daga fashi take ba, daga hanyar da dampa ke bi ne da wajen niƙa. Akwai tankar da ke yayyafa ruwa, amma da hunturu kafin ta kai ƙarshen hanya farkon ya bushe, in ta lalace kuwa sai a yi kwanaki ana jiran kayan gyara alhali dampa ɗaya ta tsaya a ranar ake tashinta. Iya na shanya kuɓewa da barkono a kan rufi, da yamma sai ta sauko da su ta kaɗe ta bushe da baki, duk da haka in ka ci miyar zaka ji ƙasa-ƙasa a haƙori. Ganyen dawa na gonakin bakin hanya fari yake zama, ka shafa da yatsa ka yi rubutu a kai, kuma ganyen da ƙura ta rufe baya shan rana yadda ya kamata, manoman basu buƙatar kowa ya gaya musu don suna ganin bambancin zangarniyar bakin hanya da ta ciki. A ofis ana yawan cewa ai ƙurar farar ƙasa bata kai ta dutsen kwarin Mpape na Abuja illa ba, kuma gaskiya ne waccan ta fi yashin da ke cin huhu, amma wannan ba ya nufin a shaƙa, ga tari ga ciwon ido, masu asma kuwa hunturu azaba ne gare su. Mu kanmu ma'aikata in rana ta take kowa takunkuminsa a haɓa yake.

Maganar tsagewar bango kuma ita ce rigimar da bata ƙarewa. Duk ranar fashi ana kai wani ɗan akwati gidan da ya fi kusa a kafa a ƙasa ya auna girgiza, ni ake aika da shi wani lokacin. Lambar na fitowa ƙasa da iyaka, injiniya ya ce kun gani ba mu bane. Mai gidan ya kama hannuna ya kai ni ɗakin matarsa ya zura yatsa cikin tsagar ya ce to wannan aljanu ne suka yi? Ni kuma ina tsaye da akwati ban da ta cewa. Iyakar nan don ginin bulo da kankare mai tushe aka tsara ta, nan kuwa ginin ƙasa ne da bulon da aka buga buhu ɗaya aka fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ginin ƙasa ko ba kwari yana tsagewa in damina ta wuce. Kowa na da 'yar gaskiyarsa. Abin da zai raba gardamar shi ne a ce an bi gida-gida an ɗauki hoton bango kafin a fara fashi a wannan ɓangaren, ba a yi ba, to sai ka ce na ce.

Amma in za a tambaye ni abin da ya fi girma, ruwa ne, kuma shi ba ya ƙara ba ya ƙura shi ya sa ba a cika maganarsa ba. Ramin ya riga ya nutsa ƙasa da inda ruwan ƙasa yake, don haka ruwa na tsattsafowa ta bango ba tsayawa, a can gindi aka yi masa wani tafki da manyan famfuna suna zuƙewa dare da rana, da damina a ƙara wasu, in suka tsaya kwana biyu hawan ƙasa ya nutse aiki ya tsaya. To ruwan nan daga ina yake zuwa? Shi ne dai wanda rijiyoyin gari ke sha. Kana zuƙa a wuri mai zurfi na kewaye na gangarowa, rijiya ta ja baya. Kuma irin wannan dutsen cike yake da tsaguwa da kogo, ruwa na bin hanyarsa ne a ɓoye, sai ka ga rijiyar da ke nesa ta ƙafe ta kusa tana nan da ruwanta, wanda hakan ke ba ofis abin kafa hujja. Iya ta nuna min igiyar gugarta, ƙulli uku, kowane ƙulli ƙari ne da aka yi. Ta ce ɗana da aka kawo ni gidan nan da bazara ma kamu kaɗan ne ka taɓa ruwa, yanzu kafin azumi ya zo sai laka. Na ce Iya ba an yi muku bohol ba? Ta ce an yi, je ka ga layin.

Don adalci, ba komai ne laifin kwari ba. Ruwan garin sabulu baya kumfa a ciki, buta na yin farin dasashi, wasu samari na cewa kamfani ne ya ɓata shi, alhali duk garin da ke zaune kan farar ƙasa haka ruwansa yake tun fil azal. Sannan gari ya ƙaru, masu jan ruwa sun ninka. Wani abin kuma, ruwan da famfunan ke fitarwa ta wata kwata yake bi ya faɗa rafi, mutanen gangare suka samu ruwa har rani suka buɗe lambuna, albasa da tumatur da alayyafo, su in ka ce a kashe famfo sai sun kusa dukanka. Gari ɗaya, na tudu na kuka na gangare na godiya, ga masu 'ya'ya a get da masu sayar da abinci da masu gidan haya irin su Iya kanta, wa zai haɗa bakin waɗannan?

Na samu shiga zama ɗaya a zauren mai unguwa, na raka jami'in hulɗa da jama'a ina riƙe masa fayil. A takarda doka bata bar mutane haka ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, gonarka taka ce a sama kawai, amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da mutanen wajen kafin ya fara aiki, a riƙa sake dubata duk shekara 5, ga dokar auna illar aiki ga muhalli tun 1992, ga ƙa'idojin fasa dutse da hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA ta fitar a 2013. A zauren kuwa ba wanda ya taɓa riƙe kwafin yarjejeniyar sai mai unguwa, ita ma da Turanci. Samari aiki suke nema, dattawa maganar rufin masallaci da diyya, jami'in na ta ranka ya daɗe za a duba, ranka ya daɗe an kai sama. Ba a ambaci rijiya ba sai can ƙarshe a gurguje, kuma ban yi mamaki ba tunda masu jan gugar ba ko ɗaya a zauren.

Diyyar ma abin a duba ne. Ana ƙirga amfanin da ke gonar da itatuwa, ɗorawa nawa kaɗanya nawa kuka nawa, a biya. Kuɗin a dunƙule suke zuwa, mutumin da bai taɓa riƙe irinsu ba ya sayi babur ya ƙara aure ya gyara ɗaki, ba zan ga laifinsa ba, amma bayan shekara uku babur ya tsufa gona kuma ta zama rami. Ɗorawar da aka biya sau ɗaya kuwa duk shekara matan gidan ke samun kalwa a jikinta.

Sai baƙar ƙasar da na ce ku riƙe. A tsarin da ke cikin fayil, ita ake fara kankarewa a tara ta gefe guda a shuka mata ciyawa, ranar da aka gama da wani ɓangare a mayar da tarkace a rami a shimfiɗa ta a sama a yi dashe. A fili kuwa ɗan kwangilar da ke kwashe ƙasa da yawan sawu ake biyansa, wa zai tsaya yana rarrabewa, katafila ta haɗa baƙa da ja da marmara ta zuba a tudu ɗaya, damina ta zo ta wanke ta kai gonakin ƙasa da rafi. Ƙasar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana haɗuwa. Akwai wani ɓangare da aka gyara don nuna wa baƙi, an dasa darbejiya da turare layi-layi da allo, sun kama ba laifi, amma inuwa ce kawai, ba wanda zai sake noma gero a wajen. Tsohon ramin da aka bari kuwa ya cika da ruwa kore shar, gaɓarsa a tsaye, ba gangare, an kafa allon hana wanka amma da zafi yara na can, wasu har kifi suke kamawa, kuma duk uwar da ke garin gabanta na faɗuwa da ramin nan. Abin da ake buƙata a karya gaɓar ta kwanta a zagaye da waya, aikin sati biyu ne ga katafilar da ke wucewa ta gefensa kullum.

Dab da zan gama aka mayar da ni wajen safiyo, muka fita auna sabon ɓangaren da za a buɗe ta gabas, ni ke riƙe sanda yana leƙawa, muna kafa turaku masu jan kai a cikin gonakin gero da ba a ko girbe ba, masu gonar na tsaye daga nesa suna kallo ba wanda ya ce uffan. Ta wannan gefen akwai unguwar da rijiyoyinta ke da ruwa har yanzu. Na je na samu injiniyan da ke sa min hannu a logbuk na ce Oga ina so in sa zurfin rijiyoyin unguwar gabas a rahotona, ya kalle ni ya ce wannan ba aikin sashenmu bane amma rahotonka ne, kar dai ka sa sunan kamfani a kai. Na ari tef ɗin da muke auna ramin nakiya, mai dalmar nan, daga baya na sayi nawa a kasuwa, na bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan mai unguwa wanda ya yi NCE, mu sa alamar fenti a bakin rijiya inda za a riƙa aunawa daga shi, mu saki tef har mu ji dalma ta taɓa ruwa, mu rubuta sunan rijiya da kwanan wata da mita. Gidajen da suka yarda kuma muka ɗauki hoton bangonsu ciki da waje da wayarsa. Wasu sun hana, suna zaton ƙirgar tashi ce aka fara.

Kwafi ɗaya na wajen mai unguwa, tef ɗin na bar wa ɗan nasa, ya ce zai riƙa zagayawa duk farkon wata. Na dai jaddada masa ya riƙa yi da asuba kafin mata su fara ja, don in an ɗebi ruwa rijiyar ta sauka lissafin ya ɓaci, kuma ofis da wannan za su fara kama shi.